Mai injin casa na duniya: ta ina TSMC yake cin ribarsa?

"Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni mai gyaran waya ne da caji a wani ƙauye kusa da Auyo. Kullum idan na kwance Tecno ko Infinix, sunan MediaTek nake gani a kan babban ayisin da ke jikin fanel. Kwanan nan kuma na ji a rediyo wai wani kamfani a Taiwan mai suna TSMC shi ke ƙera mafi yawan irin waɗannan ayisi, har Amurka da Sin suna zaman doya da manja a kansa. Ni dai shekarata takwas a wannan sana'a, ban taɓa cin karo da sunansa a jikin komai ba. To wanda ba ya sayar da kaya da sunansa, ta ina yake cin riba? Me ya hana su Apple gina tasu masana'antar tunda suna da kuɗi? Sannan an ce da yashi ake yin abin. Idan haka ne, me zai hana a kafa irinta a nan Jigawa, inda yashi har gonaki yake cinyewa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Tambaya uku ka jero min. Biyun farko, wato inda ribar take da abin da ya hana Apple gina tasa masana'antar, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma a kansu zan fi daɗewa. Ta yashin zan bar ta sai ƙarshe. Ni horona na haɗa allunan lantarki ne, na koyar da shi wasu shekaru, daga baya neman abinci ya kai ni ga girka injinan casar shinkafa da sola a ƙauyukan Kano da Jigawa, da taya masu su lissafin jari. Alkaluman TSMC da zan kawo daga rahotannin da yake fitar wa masu hannun jarinsa suke. Fahimtar kasuwancin kuwa, in gaya maka gaskiya, a bakin injin casa na fi samunta.

Mutum uku a kasuwar shinkafa

Baƙin abin nan da kake ɗagawa daga fanel da iska mai zafi gida ne kawai. A cikinsa akwai ɗan ɓallin silikon da bai kai farcen yatsanka ba, a kansa aka jera tiranzista, ƙananan makunnai masu buɗe wa wuta hanya su rufe. Furosesan, wato ayisin da ke zaman ƙwaƙwalwar na'ura, da Intel ya fitar a 1971 yana da tiranzista 2,300. Wanda Apple ya sa a iPhone 15 Pro a 2023 yana da biliyan 19. Kafin irin wannan abu ya samu, sai an yi aiki iri biyu da ba su yi kama da juna ba. Na farko zane: injiniyoyi su zauna gaban kwamfuta su tsara mazaunin kowane makunni da yadda za a haɗa su. Na biyu ƙira: a ɗauki zanen a buga shi hawa-hawa a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300, ta matakai ɗaruruwa, aikin da kan ci wata uku ko fiye kafin faifai ɗaya ya fito. Daga nan a yayyanka shi, a gwada, a sa kowane ɓalli a gidansa.

To ka dubi harkar shinkafa a Kura, ko nan wajenku Hadeja. Akwai mai babban kamfani da ke sayen shanshera, ya cashe da injinsa, ya ɗura a buhu mai tambarinsa, ya kai kasuwa da kansa. A duniyar ayisi wannan shi ne Intel da Samsung da Texas Instruments: su zana, su ƙera, su sayar. Akwai ɗan kasuwa mai tambari da kwastomomi amma ba shi da inji, sai ya kai shanshera a cashe masa, a ɗura a buhunsa. Nan MediaTek yake, da Qualcomm da Nvidia da AMD da Apple. Sai na uku, mai inji wanda ko kwano ɗaya na shinkafar da ke rumfarsa ba nasa ba ne, ladan casa kawai yake karɓa. Shi ne TSMC. Sunan da ke jikin buhu na mai shinkafa ne, shi ya sa ka shekara takwas kana ganin MediaTek ba ka ga TSMC ba, alhali akasarin manyan ayisin MediaTek daga masana'antunsa suka fito. Su biyun ma maƙwabta ne a garin Hsinchu.

Wanda ya tsaya a kan wannan tsari har ya zama sana'a shi ne Morris Chang. An haife shi a Sin a 1931, ya yi karatu a Amurka, ya shekara 25 a Texas Instruments har ya riƙe sashen ayisi na kamfanin baki ɗaya. A 1985 gwamnatin Taiwan ta kira shi ya shugabanci cibiyarta ta binciken masana'antu, ITRI. A 1987, yana da shekara 55, lokacin da tsararsa ke haramar ritaya, ya kafa TSMC. Gwamnati ta zuba kusan kashi 48 cikin 100 na jarin, Philips na Holan ya zuba kusan 28, ragowar aka tattaro daga attajiran cikin gida.

Chang ya auna ƙasar ya ga ba ta gwanance a zane ba, ba ta da kasuwa, ba ta da suna, amma tana da mutanen da suka iya aikin masana'anta da tsabta da haƙuri. Ya kuma san wani abu tun yana Amurka: injiniyoyi da dama suna son barin manyan kamfanoni su buɗe nasu, abin da ke taka musu birki shi ne kuɗin gina masana'anta. Sai ya yi lissafin cewa idan aka samu mai ƙera musu, za su fito. A lokacin, kwastomomin da yake jira yawancinsu ba a ma raɗa musu suna ba. Nvidia sai a 1993 aka kafa shi, MediaTek sai 1997. Ka ga mutum ya girka inji a gari tun ba a fara noman shinkafa ba. Shekarun farko da ragowar aikin da manyan kamfanoni suka raina ya rayu. Shugaban AMD na wancan zamani, Jerry Sanders, har gori yake yi wai namijin gaske shi ne mai masana'antar kansa. A 2009 AMD ya rabu da masana'antunsa, yau kuma yana cikin masu bin layi a ƙofar TSMC.

Inji ba ya son zama

Yanzu mu zo kan kuɗi. Injin da ke buga zane mafi ƙanƙanta a kan faifai kamfani ɗaya ne tak a duniya yake yin sa, ASML na Holan. Yana harbin ɗigon kuza da lesa sau 50,000 a daƙiƙa don samar da wani haske na musamman, madubansa kuma Zeiss na Jamus ke gogewa. Guda ɗaya ya haura dala miliyan 150, sabon samfurinsa ya ninka haka. Masana'anta ɗaya ta zamani, da gini da injuna, tana iya lashe dala biliyan 20. A 2024 TSMC ya yi cinikin kusan dala biliyan 90, ya kashe kusan biliyan 30 a sababbin injuna da gine-gine, ribarsa bayan haraji ta kai kusan biliyan 36. Idan ka mayar da shi lissafin rumfa, duk naira 100 da ta shigo, 40 riba ce tsantsa, kuma kwatankwacin 33 ana sake zuba su a ƙarfe a cikin wannan shekarar.

A littafin TSMC, inji shekara 5 ake ba shi ya biya kuɗinsa. Ɗauki na miliyan 150 ɗin nan ka raba: miliyan 30 a shekara, fiye da dala 80,000 a kowace rana, yana aiki ko yana zaune. Duk mai injin casa da ya ci bashin banki ya san wannan ciwon. Banki ba ruwansa da cewa kaka ta wuce, shanshera ta ƙare a gari. Shi ya sa masana'antun TSMC ba su san dare ba, ba su san ranar hutu ba. Yawancin kuɗin da ake kashewa an riga an kashe shi tun ranar da aka girka inji, saboda haka faifan da aka ƙara bayan an rufe wancan ramin kusan duk riba ne, wanda aka rasa kuma kusan duk asara ne.

Ta yaya ake hana inji zama? Da yawan masu kawo aiki iri-iri. TSMC yana yi wa kamfanoni fiye da 500 aiki, kayan da yake ƙerawa a shekara sun kusa iri 12,000. Idan kasuwar waya ta yi sanyi, ta mota ko ta manyan kwamfutoci ta ɗauka. A 2023 waya da kwamfuta suka yi kwantai a duniya, cinikinsa ya sauko daga kusan biliyan 76 zuwa 69. Shekara na zagayowa guguwar ƙirƙirarriyar basira ta taso, Nvidia da ire-irensa suka cika masana'antun, har sashen manyan kwamfutoci ya zama fiye da rabin cinikin, waya ta koma kusan kashi 35.

A nan amsar tambayarka ta biyu take. Apple ba kuɗi ya rasa ba. Matsalarsa ita ce shi sabon yayi kaɗai yake buƙata. Da zai gina masana'anta bana, bayan shekara biyu ta zame masa tsohuwa, kuma ba shi da wanda zai miƙa wa ita. TSMC kuwa yana yi da masana'antarsa yadda ake yi da rigar Sallah a gidan da ke da 'ya'ya da yawa. Babban yaya, wato Apple, shi zai fara sawa ya biya da tsada. Idan ya matsa gaba, su Qualcomm da AMD da MediaTek su gada. Bayan su ta koma ga wayoyi masu sauƙin kuɗi irin waɗanda ake kawo maka, sannan motoci da talabijin da na'urorin intanet. Kafin rigar ta kai ga auta, injunan sun daɗe da biyan kuɗinsu a littafi, amma suna nan suna aiki, abin da suke kawowa kuma ba bashi a kansa.

Tsaba da karyayya

Abu na biyu da ke raba mai riba da mai asara shi ne abin da ke fita lafiya. Ka san buhun shanshera ɗaya za a kai wa inji biyu, wannan ya fitar da tsaba mai kyau, wancan ya kakkarya rabi. Man dizal ɗaya suka sha, lebura ɗaya aka biya. Faifan silikon ma haka yake. Ƙwayar ƙura ɗaya da ido ba ya gani ta faɗa kan zane, wannan ɓallin ya mutu. Mu ƙaddara faifai yana ɗauke da ɓalli 600. Wanda ke fitar da 90 cikin 100 lafiya zai samu 540. Wanda ke fitar da 60 zai samu 360. Kuɗin ƙirar faifan bai canza ba, amma kowane ayisi na biyun ya fi na farkon tsada da rabi.

Wannan gwaninta ba a sayenta a kasuwa. Injunan da TSMC ke saya, Samsung da Intel ma wurin masu sayarwa ɗaya suke saye. Bambancin yana cikin dubban ƙananan gyare-gyare da ake ganowa ta hanyar yawan aiki: wane zafi, wane sinadari, daƙiƙa nawa. Wanda ya fi sarrafa faifai shi ya fi saurin gano inda ake ɓarna. Da ya gano, kuɗin ƙirarsa ya sauka, kwastomomi su ƙaru, faifan da yake sarrafawa ya ƙaru, ya sake yin gaba a koyo. Chang ya san wannan tun yana Texas Instruments, inda ya riƙa karya farashi tun kuɗin ƙira bai sauka ba, don a cika masana'anta a koyi aiki kafin abokan hamayya. Kai ma ka gani a teburinka. Fanel ɗin da ka buɗe sau ɗari, kafin ka ɗora mita ka san layin da ya ƙone.

Amana

Wannan ɓangaren na fi so ka riƙe, kuma zan fara da abin da ya faru a gabana. Wasu shekaru da suka wuce na girka wa wani Alhaji injin casa mai kyau a wani gari da ke kan hanyar Kura. Injinsa ya fi na kowa fitar da tsaba a yankin, 'yan kasuwa suka yi masa caa, har kwana ake yi a layi. Da ya ga irin ribar da masu shinkafar ke samu a kan buhu, sai zuciya ta raya masa ai shi ma zai iya. Ya buga buhu mai sunansa, ya fara sayen shanshera. Na ce masa Alhaji a yi hattara, ya ce inji nasa ne. Ba a rufa kaka biyu ba manyan kwastomominsa suka watse. Dalilinsu a fili yake. Ranar da kasuwa ta yi kyau, tasa yake fara cashewa, tasu ta jira. Ya san wurin wanda kowannensu yake saro shanshera, ya san dillalan da ke ɗaukar kayansu, ga shi ya zama abokin takararsu a kasuwa ɗaya. Suka gwammace injin da bai kai nasa kyau ba amma mai shi ba ya sayar da shinkafa. Shinkafar Alhaji ita kaɗai ba ta isa ta cika injin ba, bashi kuma yana nan yana ƙirga kwanaki.

Alkawarin da TSMC ya ɗauka tun ranar farko shi ne ba zai taɓa zana ayisi nasa ya sayar ba, ba zai yi takara da mai kawo masa aiki ba. Zanen ayisi shi ne sirrin kamfani gaba ɗaya, kuma sai an miƙa shi ga mai ƙira tun kayan bai shiga kasuwa ba. Wa za ka ba? Apple ya daɗe yana kai aikinsa wurin Samsung, alhali Samsung yana sayar da waya a kasuwa ɗaya da iPhone. A 2011 Apple ya maka Samsung a kotu kan zargin kwaikwayon wayarsa. A 2014 TSMC ya fara ƙera furosesan iPhone 6, daga 2016 kuma aikin ya koma hannunsa kacokan. Intel ma a 2021 ya sanar da cewa ya buɗe ƙofa zai riƙa yi wa wasu ƙira. Amma manyan masu aikin da yake nema, irin su AMD da Nvidia, abokan takararsa ne. Wannan sashe na Intel ya tafka asarar kusan dala biliyan 13 a 2024, kuma shi kansa Intel yana kai wasu ayisinsa TSMC a ƙera masa.

Akwai wani abu da nake gani da gangan ake yin sa, wannan ra'ayina ne. TSMC yana riƙe da fiye da kashi 60 cikin 100 na kasuwar ƙira don wasu, a ayisi mafi sabon yayi kuma ana ƙiyasta kusan 90. Mai irin wannan ƙarfi zai iya shaƙe kowa a farashi. Yana ƙara kuɗi, ba shakka, amma ribar da yake ci a kan kaya bayan cire kuɗin ƙira kashi 56 ce a 2024, ta Nvidia kuwa ta haura 70. Mai inji ya bar mai shinkafa ya fi shi cin riba a kan buhu, don ya san ranar da ya matse shi, ranar zai fara neman wani injin ko da kuɗinsa ne zai taya a gina.

Sai dai a nan misalin casa ya gaza, kada in ruɗe ka. Mai shinkafa idan ya yi fushi, a ranar zai ɗora buhunansa a kura ya tura inji na gaba. Mai ayisi ba shi da wannan damar. Ana yin zane ne daidai da ƙa'idojin masana'anta guda, da manhajojin zane na kamfanonin Synopsys da Cadence da tubalan zane na kamfanin Arm waɗanda aka riga aka daidaita da tsarin wannan masana'antar. Komawa wata yana nufin sake aikin watanni da kashe miliyoyin daloli, ba tare da tabbacin tsabar za ta fita kamar da ba. Saboda haka ba amana kaɗai ke riƙe da kwastomomin ba, akwai ƙarfen ƙafa.

Kasadar 2009

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan ba ka kan gaba a fasaha, zama kan gaba kuma sai da kasada. A 2009, duniya na cikin matsin tattalin arziki, kowa na tsuke aljihu, Chang ya dawo kujerar shugabanci yana dab da cika 78. Ya ɗaga kuɗin sayen injuna daga kusan dala biliyan 2.7 zuwa 5.9 a shekara ɗaya, ya kuma tsayar da cewa kusan kashi 8 cikin 100 na ciniki bincike za a riƙa ba. Tsarin nanomita 28 ya fito a 2011, daidai lokacin da wayar shafa ta mamaye duniya, ya tarar da masana'antu a shirye. Waɗannan lambobi na nanomita, 28 da irin su 7 da 5 da 3 da suka biyo baya, a yau sunan zamani ne kawai, kamar a ce samfurin bana da na bara, kada ka ɗauka awon wani abu ne a jikin tiranzista.

Kowane sabon zamani ya fi na baya tsada, sai masu tsere suka riƙa zubewa. A farkon shekarun 2000 kamfanoni fiye da 20 ne ke kan gaba. GlobalFoundries, wanda ya gaji masana'antun AMD da kuɗin Abu Dhabi, ya ajiye neman nanomita 7 a 2018. Intel ya yi shekaru yana tuntuɓe a kan nanomita 10. Yau uku suka rage, TSMC da Samsung da Intel.

Ba wannan kaɗai ce hanyar cin abinci a sana'ar ba. Masu yin ayisin ajiyar bayanai, Samsung da SK Hynix da Micron, kasuwancinsu irin na hatsi ne a Dawanau: kaya iri ɗaya, farashi ya hau ya faɗo, a 2023 sashen ayisi na Samsung ya yi asarar da ta haura dala biliyan 10. Su Texas Instruments da Infineon kuwa ba sa wannan tseren. Suna yin ƙananan ayisin wuta da mosfet, wato tiranzistan sarrafa wuta, irin waɗanda ke ƙonewa a inbata da cajar sola, kaya masu arha da ake shekara goma ana sayar da samfuri ɗaya, kuma suna cin ribarsu cikin rufin asiri.

Inda bango ya tsage

Ƙarfin TSMC shi ne kuma abin tsoronsa. Mafi yawan masana'antunsa suna tsibiri ɗaya, wato Taiwan, da Sin ke cewa nata ne, tekun da ya raba su faɗinsa kusan kilomita 180, kamar daga Kano zuwa Hadeja. Tsibirin yana fama da girgizar ƙasa, an yi babba a 1999, an sake a Afrilun 2024. Kamfanin da ya ce shi na kowa ne ya tarar siyasa ba ta yarda da haka ba: a Satumban 2020 dokar Amurka ta tilasta masa daina yi wa Huawei aiki, alhali Huawei ne kwastomansa na biyu a girma. A 2024 Apple shi kaɗai ya kawo fiye da kashi 20 na ciniki, kuma idan zazzaɓin ƙirƙirarriyar basira ya sauka, injunan da aka saya dominsa za su ci gaba da cin kuɗinsu na kullum.

Shi ya sa yake fita waje, rabi da son ransa, rabi da matsin gwamnatoci. A Arizona ya fara da alkawarin dala biliyan 12 a 2020, ya kai 65 a 2024, a Maris 2025 aka ƙara 100, gwamnatin Amurka kuma ta ba shi tallafin biliyan 6.6. Ya buɗe masana'anta a Kumamoto ta Japan a 2024 tare da Sony da Denso, ya aza harsashin wata a Dresden ta Jamus tare da Bosch da Infineon da NXP. Chang da bakinsa ya ce ƙira a Amurka ta fi ta Taiwan tsada da kusan rabi, kamfanin kuma ya gaya wa masu hannun jari cewa masana'antun waje za su rage masa riba da maki 2 zuwa 3 a shekarun farko. A ganina zai jure wannan muddin kwastomomi sun yarda su biya ƙarin, kuma sabon yayi yana fara fitowa ne daga Taiwan. Wannan bayanin yadda sana'ar take ne, ba shawarar sayen hannun jari ba ce, wannan fagen masu shi daban.

Yashin Jigawa

Gaskiya ne silikon daga dangin yashi yake, amma ba yashin tudu da iska ke korowa ake ɗiba ba. Farin dutse mai tsabta ake narkawa, a tace shi har ya zamana a cikin ƙwaya biliyan da wuya ka samu baƙuwa ɗaya. TSMC ma ba ya wannan aikin, sayen faifan yake yi daga irin su Shin-Etsu da SUMCO na Japan. Faifan da ba a taɓa ba bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Bayan an buga masa zanen nanomita 3, masu bin kasuwar suna ƙiyasta kuɗinsa kusan dala 20,000, ainihin farashin kuwa sirri ne tsakanin kamfanin da kwastomansa. Ka ga yashi shi ne mafi arha a cikin lissafin.

Abin da ke da tsada shi ne wuta da ruwa da mutane. A 2023 TSMC ya sha wutar da ta kusa yunit biliyan 25, wato kusan megawat 2,800 dare da rana ba ƙiftawa. Layin wutar Najeriya gaba ɗaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000 yake rabawa a yawancin ranaku. Ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci tana iya lalata faifan da aka yi wata biyu ana aiki a kansa. Ruwa kuma fiye da tan 150,000 a rana, wanda aka tace fiye da na allura. A farin da Taiwan ta yi a 2021, gwamnati ta dakatar da ban-ruwa ga dubban hekta na gonakin shinkafa ta biya manoma diyya, masana'antu kuma suka riƙa sayen ruwa a tanka. Ka auna a ce wa manoman rani na Auyo su haƙura da noman bana saboda wata masana'anta. Ban ma taɓo ƙurar hunturu ba.

Ita ma Taiwan ba da TSMC ta fara ba. Da harhaɗa kayan lantarki na kamfanonin waje ta fara, ta kafa ITRI a 1973, ta tura matasan injiniyoyi kamfanin RCA na Amurka a 1976 su koyo ƙira, ta kafa kamfanin ƙirar ayisi na UMC a 1980, sannan TSMC ya zo. Maleshiya ta shiga ta ƙofar gwaji da sa ayisi a gidansa tun da Intel ya buɗe reshe a Penang a 1972, har yau kuma a wannan matakin ta fi ƙarfi. Matakin da na ga ana iya magana a kansa a Kano ko Dutse shi ne na ƙasa da wannan: a sayo ayisi da mosfet, a zana allon cajar sola ko na famfon ban-ruwa daidai da zafinmu da ƙurarmu, a haɗa shi a nan. Wannan jarin miliyoyin naira yake buƙata da wutar sola mai ƙarfi, da masu hannun riƙe dalma irinka. Na taɓa haɗa irin waɗannan alluna guda 40 da ɗalibaina don famfunan rani, abin da ya fi ba mu wahala shi ne samun mosfet na gaske a kasuwa, don rabin waɗanda muka fara saya jabu ne da aka goge aka sake bugawa suna.